Kishin Makaranta: Jawabi Ga Ɗaliban Kankiya Da Kusada



Abin da aka nemi mu yi magana a kansa shi ne kishin makaranta, watau irin ƙaunar nan da ɗalibi yake yi wa wurin da ya yi karatu, har in an ɓata sunan wurin ya ji kamar an zagi gidan ubansa. Magana ce mai daɗin faɗa a ranar biki, amma in an tsaya an dube ta sosai sai a tarar tana da ƙaya. Mu kuwa mutanen ƙasar Katsina ba sai mun yi nisa wajen neman misali ba, domin makarantar da ta fi kowace suna a Arewa wajen wannan hali a ƙasarmu aka yanke mata cibiya.

A shekarar 1921 aka fara karatu a Kwalejin Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Clifford kuma ya zo ya buɗe ta a 1922. Ginin ƙasa ne, yana nan har yanzu cikin birni, an mayar da shi gidan ajiye kayan tarihi. Duk wanda bai taɓa shigarsa ba, muna roƙonsa ya ware wuni guda ya je ya gani, don gani ya kori ji. Zai yi mamakin ƙanƙantar ɗakunan. A cikinsu ne Ahmadu Bello ya zauna daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma daga 1928 zuwa 1933. Nan Abubakar Imam ya yi karatu, nan Malam Bello Kagara ya koyar. Da aka yi gasar rubuta littattafan Hausa a 1933, Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki duk daga hannun mutanen wannan gida suka fito. Ashe makarantar da aka kafa don koyar da Turanci da lissafi ita ce kuma ta ba mu waɗanda suka ɗaga rubutun Hausa na boko.

Sa'an nan makarantar ta yi ƙaura. A 1938 aka kai ta Kaduna, a 1949 aka kai ta Zariya, ta yi ta sake suna har aka tsaya a kan Barewa a 1971. A dubi wannan da kyau: gari ya sake sau biyu, gini ya sake, malamai sun sake, suna ya sake, amma wanda ya yi Katsina da wanda ya yi Kaduna da wanda ya yi Zariya duk suna ɗaukar kansu 'yan ɗaki ɗaya. Mutum biyar daga cikin waɗanda suka riƙe ƙasar nan sun bi ta cikinta, watau Tafawa Ɓalewa da Yakubu Gawon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Abin da ya yi ta bin makarantar daga gari zuwa gari shi ne tarbiyya, da kunyar kada a ce ɗan wurin ya kasa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji Hausawa, su kuwa sun ɗauki karin maganar nan tamkar bashi a wuyansu.

To, amma kada daɗin labari ya sa mu rufe ido. Turawan mulki ne suka kafa ta don biyan bukatarsu, mafi yawan waɗanda aka ɗauka da fari 'ya'yan sarakuna ne da na ma'aikatan En'e, mace kuwa ko ɗaya babu. Ɗan manomin Rimaye ko na Mawashi a wancan zamani da wuya ya ga ƙofarta. Kuma kada a zaci kishin makaranta yana nufin baki ya zo ɗaya. Malam Aminu Kano ɗan Kwalejin Kaduna ne, shi ne kuma ya tsaya a gaban jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, yana ja da mulkin da tsofaffin ɗaliban makarantarsu suke jagoranta. Ba wanda ya ce ya ci amanar makaranta. A ganinmu ma babu shaidar da ta fi wannan nuna cewa an koyar da su tunani.

Yanzu mu dawo gida. Abin da kakanninmu suka rasa, mu ga shi an kawo mana har bakin ƙofa. Tun da aka yi Jihar Katsina a 1987, makarantun gaba da sakandare sai ƙaruwa suke yi. Jami'ar Al-Qalam ta zo a 2005, jami'ar jiha a 2006, wadda aka sa mata sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2009, sai Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga ta nan kusa da mu. Ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, ga Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman, ga kuma makarantar koyon aikin lafiya a nan cikin garin Kankiya. Waɗannan duk yara ne in an gwada su da Barewa ko da Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962. Waɗansunsu ba su da tsofaffin ɗalibai masu furfura da za su tsaya musu. Duk sunan da za su yi, mai kyau ko mummuna, a hannun waɗanda ke zaune cikin wannan zaure yake.

A nan ne ƙayar take. Akwai wata cuta da ta shigo mu, wadda muke kira kishi alhali kuwa girman kai ce. Ɗan jami'a ya dawo hutu yana kallon ɗan kwalejin ilmi a raine, ɗan kwalejin ilmi ya raina ɗan makarantar lafiya, shi kuma in an tambaye shi inda yake karatu sai ya sunkuyar da kai ya ce yana jiran sakamakon jarrabawar shiga jami'a. Subhanallahi! Wa yake yi wa jariran Yashe da Kaikai allurar rigakafi? Wa yake zaune a ɗakin shan magani na ƙauye cikin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da rabin gida? Wa ya koya wa shi ɗan jami'ar baƙi da wasali? Wanda ya raina makarantar ɗan'uwansa don ya ɗaukaka tasa, bai ƙara wa tasa kome ba, ya dai rage wa garinsu ma'aikaci mai jin daɗin aikinsa.

Akwai kuma kishin riga. Ran da aka gama jarrabawar ƙarshe a sa farar riga, a cika ta da rubutu, a yi ta ihu ana ɗaukar hoto. Ba mu hana kowa murna ba, wahala aka sha. Amma mai rigar nan, in shi ne ya yage shafi daga littafin laburare don kada na bayansa ya samu, in shi ne ya shiga jarrabawa da takarda a cikin hula, to ya sani ya ci sunan makarantarsa ya bar wa ƙannensa kwano. Mai ɗaukar ma'aikata ba ya manta makarantar da ta aiko masa da mai digirin da ba ya iya rubuta wasiƙa. Hukuncin da zai yanke kuwa a kan duk wanda ya biyo baya zai faɗa.

Kishi na gaskiya yana da tsada, tarihin ɗalibai ya nuna haka. A watan Afrilu na 1978, da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na wuni, ɗalibai suka tashi a duk ƙasa, aka rasa rayuka a Legas da Zariya. A watan Mayu na 1986 aka sake zubar da jini a Samaru. Ba muna kiran kowa ya fita titi ba ne. Muna tunatarwa ne cewa ƙungiyar ɗalibai da muke wasa da zaɓenta yau, muna jefa ƙuri'a don wane ɗan garinmu ne ko don ya raba katin waya, da jinin waɗansu aka saye ta. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari suna da amfani, su ne ke tarbar baƙon ɗalibi su nuna masa ɗakin kwana. Amma in suka zama hanyar hana wanda ya cancanta shugabanci don ba ɗan Katsina ba ne, sun rushe abin da ya sa ɗan Sakkwato da ɗan Bauci suka zama 'yan'uwa a Kwalejin Katsina.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damunmu. Tun daren da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, akwai iyaye a ƙauyukanmu da suka ja baya da boko, musamman ga 'ya'ya mata. Uban da tsoro ya kama ba jawabin gwamnati ne zai sauya masa ra'ayi ba. Abin da zai saurara shi ne 'yar maƙwabcinsa da ta tafi Dutsin-Ma ta dawo da mutuncinta, ta durƙusa ta gaishe shi, ta zauna da 'yarsa ta koya mata lissafi. Saboda haka roƙonmu ga shugabannin wannan taro shi ne, kafin a watse a fito da takarda, kowa ya rubuta sunansa da sakandaren da ya gama da darasin da zai iya koyarwa. A dogon hutu mai zuwa kowa ya ba tsohuwar makarantarsa mako biyu, 'yan Kusada a Kusada, 'yan Kankiya a Kankiya, a fi mai da hankali ga 'yan aji shida masu shirin jarrabawa. 'Yan makarantar lafiya su ɗauki kimiyyar halittu, don sun fi mu saninta. A kuma nemi izinin shugabannin makarantun da na masu garuruwa tun yanzu, kada a bari sai hutu ya zo.