TAHIYA CIN RANI DA JARIRI A GOYE

Jawabi ga masu karatun manya, maza da mata



An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Wanda rumbunsa ya cika ya zauna gida. Wanda nasa bai cika ba ya fara shirin cin rani. Wani Yamai za shi, wani Agadas, wani Kano. Akwai mai tahiya shi kaɗai. Akwai kuma mai tashi da iyali gaba ɗaya: mata, yara, har da jaririn da bai yi wata biyu ba. Zancen yau na wannan jaririn ne. Babba in ya ji ƙishirwa ya roƙi ruwa, in ya ji ɗari ya jawo bargo. Jariri sai kuka. Wanda ya galabaita kuwa, ko kukan ba ya iyawa.

RANAR TASHI

Bisa al'ada mai jego ba ta yin nisa sai ta yi arba'in. Ma'aikatan lahiya ba su ƙi wannan ba. Kwana 28 na farko su ne mafi haɗari a rayuwar yaro, ita ma uwa jikinta bai gama komawa ba.

Ga wani lissahi kuma. Ranar haihuwa ana yi wa jariri allurar tarin huka, a ɗiga masa maganin shan inna a baki. Rigakahi na gaba sai ya cika sati 6. Sati 6 kwana 42 ne, wato arba'in da kwana biyu. Maigidan da ya iya jiran arba'in, kwana biyu ba za su gagare shi ba. A kai yaro gidan likita, a yi allura, sannan a ɗaure kaya.

Saura na sati 10, da na sati 14, da na wata 9 domin dusa da shawara. Waɗannan a can wurin cin rani za su iske yaro. Shi ya sa karnen rigakahi ba ya zama gida. A sa shi cikin leda, uwa ta riƙe shi a jikinta. Kar a tura shi ƙasan buhun da za a ɗora bisa mota. Ma'aikacin lahiya na kowane gari, in ya buɗe karne, ya san inda aka tsaya. A shekara ta 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yaran da ba su kai shekara 5 ba, kuma ba ta ce sai ɗan gari ba.

Kahin a tashi a sanar da haihuwar, domin yaro ya samu takarda. Dokar 2019 ta ba da kwana 60. Mai cin rani kuwa ba ya komowa cikin kwana 60.

WACE HANYA?

Akwai hanyar da ba a bi da goyo. A watan Oktoba na 2013, motoci biyu sun lalace cikin hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. An tsinci gawa 92. Yara 52 ne, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ta kashe su. Da yawansu mutanen yankin Kance ne, cikin jihar Damagaram. Hanyar da babu rijiya, babu gari, babu gidan likita, ba ta mai jego ba ce, kome aka ce ana samu a ƙarshenta.

CIKIN MOTA

Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Daga Damagaram zuwa Agadas kamar 450. Wuni ne cur cikin zahi da ƙura. A nema wa mai jego wurin zama a ciki. Bisa kayan babbar mota ba wurinta ba ne. In ta zauna ta kwance goyo, ta komo da yaro gabanta. Yaron da ke baya an matse shi da kujera ba a ganin halin da yake ciki. A tare masa ƙura da ƙyalle mara kauri, amma kar a ruhe masa hanci da baki.

Yanzu ga babban zance. Rana ta take, yaro na kuka. Sai wata tsohuwa ta ce: «Ɗiyata, ba shi ruwa mana, ƙishi yake ji.» Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Amma kar a ba shi. Har ya cika wata 6, nono kaɗai ya ishe shi, ko cikin bazara. Cikin kashi 100 na nono, sama da 80 ruwa ne, kuma ruwa mai tsabta. Ruwan tasha kuwa, wa ya san rijiyar da aka ɗebo shi, wa ya san jarkar? Kurɓi ɗaya yana iya kawo zawo, zawo kuma yana ƙarar da jariri cikin kwana ɗaya ko biyu. Ruwan da ake son ba yaro, a miƙa wa uwarsa ta sha. A saya mata hura, a ba ta abinci. Ita kuma ta ba shi nono duk lokacin da ya nema, sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Babu kunya a wannan. In yaro yana hitsari sau 6 a wuni da kwana, ya samu abin da ya ishe shi.

Yayyensa su suna shan ruwa. Nasu a tafasa shi tun daga gida, ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa. A riƙe gishirin zawo ƙulli biyu ko ukku. Ƙulli ɗaya cikin ruwa lita ɗaya. Yaron da ya iya magana kuma a koya masa sunan ubansa da na garinsu, domin tasha wurin ɓata ce.

MASAUKI

Mai cin rani ba safai yake samun ɗaki ba. Wani kango yake samu, wani hili a bakin gari, ya kafa bukka da tabarma da buhu da leda. Cikin Disamba da Janairu iska na shiga ta ko'ina, daren Agadas kuma ya hi na kudu sanyi. Jariri yana saurin hucewa, musamman ta kai. A sa masa hula da safa. Kar a kwantar da shi a ƙasa bisa tabarma tsura. In ƙafarsa da cikinsa sun yi sanyi, uwa ta ɗora shi bisa ƙirjinta, fata da fata, ta lulluɓe su da zane. Wankan asuba cikin iska a bar shi, sai hantsi.

Wasu suna shigar da garwashin gawayi cikin bukka, su toshe ƙofa. Gawayi yana hidda wata iska da ba a gani, ba a jin warinta, tana kashe mai barci. Ban da haka, bukkar tabarma da leda ba ta jimre tartsatsi. A yi girki waje, a kashe wuta kahin a kwanta.

Gidan sauro yana cikin kayan tahiya. A Yamai, kusa da kogi da garake da lambatu, sauro ba ya ƙarewa da rani. Maganin rigakahin zazzaɓi da ake rabawa da damina ba a ba yaron da bai kai wata 3 ba. Gidan sauro shi ne abin da jariri yake da shi.

Ranar da aka sauka, maigida ya tambayi gidan likita mahi kusa, ya je da ƙafarsa ya ga hanya. Kar ya bari sai tsakar dare. In jariri ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zahi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya motsi, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, a kai shi nan take. Kar a tsaya wurin mai tallan magani a tasha.

In damina ta kusa aka komo gida, a biya gidan likita da karne cikin satin farko. Allurar da ta wuce yaro a can ba ta ɓata na baya ba. Ba a sake farawa. Daga inda aka tsaya za a ci gaba.