ME ZAN ZUBA A RUWAN KIFINA? (Rubutaccen shirinmu na wannan makon)

 Masu cewa data ba ta isarsu su saurari murya, ga shi mun rubuto muku kamar yadda muka saba.

Yau ba ni da baƙo, ni kaɗai ne, kuma tambaya ɗaya zan amsa. Wata 'yar uwa ce ta turo daga Ajingi. Ta ce ta kwashi adashenta ta sayi tankin tampol, tana shirin zuba 'ya'yan tarwaɗa ɗari uku a bayan gida. Sai ta haɗo min da wani bidiyo da ta gani a TikTok: wani Bature a Amurka da akwatin gilashi cike da ruwan teku da kifaye masu launi, a ƙarƙashinsa kwalabe sun fi goma a jere, yana ɗiga wannan yana ɗiga wancan. Ta ce, "Yaya, ni ma sai na sayi irin waɗannan? Don shagon da na je an lissafo min abu bakwai, kuɗinsu ya kusa kamo na kifin."

To ƙanwata, kafin ki ciro ko sisi, zauna ki ji.

Mu fara da Baturen. Ba kifi kaɗai yake kiwo ba, murjani yake rainon a cikin akwatin nan. Eh, dangin murjanin da kakanninmu mata ke ɗaurawa a wuya, halitta ce mai rai a teku. Tana gina ƙashinta ne da sinadarin kalsiyam da kabonet da take zuƙa daga ruwa. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kalsiyam kuma wajen miligiram 400. A teku ba ya ƙarewa, amma a akwati murjani kan shanye shi, dole mai shi ya mayar. Kwalaben da kika gani ke nan. Kuma ko su ɗin, ƙa'idar da suke ba sabon shiga ita ce kada ya zuba abin da bai auna ba. Wanda murjaninsa bai yi yawa ba ma, canjin ruwa kawai ya ishe shi, don gishirin da suke haɗa ruwan da shi ya zo da komai.

Ke kuwa tarwaɗa za ki kiwata, kifin ruwan daɗi. Abin da jikinta ke buƙata a abinci take samu. Damuwarki ita ce abin da ke taruwa a cikin ruwan. Wannan darasin ni da kuɗi na saye shi, bari in ba ku labari.

Shekarar da na fara, a gidanmu na Gaya, na zuba guda 500 a tanki ɗaya. Rabin jarin na Inna ne, awakinta biyu ta sayar ta ba ni. Sati shida komai lafiya lau, har ina ɗaukar bidiyo ina sakawa. Sai hunturu ya shigo. Kifi suka rage ci, ni kuma ban rage zuba abinci ba, wai ni ga mai son su yi saurin girma. Ruwa ya fara wari, kumfa ta taru a sama, kifin suka riƙa tsayawa a miƙe, kai sama jela ƙasa. Hankalina ya tashi, na garzaya wani zauren WhatsApp na masu kiwo. Wannan ya ce gishiri. Wancan ya ce ruwan shuwaka. Wani ya ce a fasa kafso a zuba. Wani kuma ya rantse min kanwa tana wanke ruwa tas. Jama'a, kun san me na yi? Duka na zuba, a yamma ɗaya. Da na dawo daga sallar asuba na haska tocila, wallahi sama da ɗari uku sun juya ciki sama. Inna ta leƙo, ta duba, ta ce "Allah Ya mayar da alheri," ta koma ɗaki. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Kashin kifi da ragowar abincin da ya ruɓe suna haifar da wani sinadari, amoniya. Ita amoniya fuska biyu gare ta a cikin ruwa, ɗaya mai sauƙi, ɗaya guba. Abin da ke juya ta daga wannan zuwa waccan shi ne ma'aunin da ake kira pH, wato ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. A pH 7, kason gubar bai kai ɗaya cikin ɗari ba. A 8 ya kai wajen biyar cikin ɗari. A 9 ya haura kashi ɗaya cikin uku. Kanwa kuwa aikinta ke nan, ta ɗaga pH. Kun ga ruwana dama ya cika da amoniya, ni kuma da hannuna na mayar da ita guba.

Bayan sati na je Ajingi gaishe da wani dattijo masunci, abokin mahaifina, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kogin nan da ya biyo ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja. Na zayyana masa duk abin da na zuba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin wanda ya zuba wa kogi magani?" Na ce a'a Baba. Ya ce, "To me ya sa kifinsa ba sa mutuwa? Ruwan jiya ba shi ne na yau ba." Shi ke nan maganar da ya yi. Na dawo na canza rabin ruwa, na dakatar da abinci kwana biyu, ragowar kifin suka miƙe.

Yawwa. Yanzu ga yadda za ki yanke shawara.

Na farko, san ruwanki. In na burtsatse ne, yakan fito da ƙarancin iskar oksijin, don haka a tara shi a wani mazubi ko a sa ya riƙa zubowa daga sama yana fantsama. Ɗebi bokiti guda ki bar shi ya kwana. In ya wayi gari da ja-ja a ƙasa, akwai sinadarin ƙarfe, sai a riƙa barinsa ya kwanta kafin a kai wa kifi. In na famfo ne, akwai yiwuwar kulorin, a bar shi a buɗe ya yini ya kwana. In na kogi ne, a tace shi, don yakan zo da ƙananan kifaye da ƙwayoyin cuta, da damina kuma har da maganin feshin gonaki. Masu sabon tankin siminti kuma ku kula, siminti ma yana ɗaga pH kamar kanwa. A jiƙa shi, a zubar, a sake, har awo ya nuna ya sauka.

Na biyu, kuɗin kwalabe bakwai ɗin nan, cire kaɗan ki sayi kayan awo uku: na pH, na amoniya, da ma'aunin zafi. Tarwaɗa tana son pH tsakanin 6.5 da 8.5, kuma ta fi ci da girma in zafin ruwa yana tsakanin 26 da 30. Ki samu littafi ki riƙa rubuta abin da kika gani. Ruwa ba ya tsami banza. Littafin nan shi zai nuna miki ranar da abu ya fara lalacewa. Kuma kada tarwaɗa ta yaudare ki. Tana iya shaƙar iskar sama kai tsaye, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe karfasa. Kafin ta nuna miki alama, ruwan ya daɗe da ɓaci.

Na uku, mu bi kayan ɗaya bayan ɗaya.

Gishiri: shi kaɗai zan ce ki ajiye a gida. Yana rage wa kifi wahala bayan an ɗauko su daga nesa ko an ware manya da ƙanana, yana kuma kare su daga wata guba mai suna naitirait da ke hana jininsu ɗaukar iska. Amma da awo: giram 1 zuwa 3 a lita. Tanki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin ruwa rabin mita, lita 1,000 ke nan, wato kilo ɗaya zuwa uku. Ki narkar da shi a bokiti tukuna. Kuma ki sani gishiri ba ya bin tururi ya tafi, sai an zubar da ruwan yake fita, don haka ba kullum ake ƙarawa ba.

Farar ƙasa: aikinta a tafkin ƙasa ne, kafin a zuba kifi, ko in awo ya nuna ruwa ya yi tsami sosai. A tampol mai kifi a ciki, ba tare da awo ba, haɗarinta ɗaya da kanwa.

Kanwa: a bar ta a ɗanwake.

Kafso da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta: ba sa gyara ruwa. Zuba su barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ragowarsu kuma na iya zama a naman da mutane za su ci. Sai in likitan dabbobi ko malamin gona ya duba ya tabbatar cuta ce.

Shuwaka da darbejiya: masu kiwo da yawa suna amfani da su, ba na musu. Amma ganye in ya ruɓe a ruwa shi ma datti ne, kuma ba ya cire amoniya.

Bitamin: in za a ba su, a abinci ake cakuɗawa.

Kwalaben da ake cewa ƙwayoyin halitta ne masu cinye datti: suna buƙatar matattara da za su zauna su hayayyafa. Ke da za ki riƙa zubar da ruwa akai-akai, tare da shi za su tafi.

Don haka duk ranar da kika ga kifi sun canza, ga jerin: dakatar da abinci, auna ruwa, zuƙe dattin ƙasa, canza kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, ki jira. Da hunturu kada ki canza da sassafe, bari rana ta ɗaga, kuma ki rage abinci daidai da cinsu. In dole sai an zuba wani abu, guda ɗaya za a zuba, a jira a ga sakamako. Tsohon ruwan kuma kada ya tafi a banza, ba alayyafo da zogale, taki ne.

Ƙanwata ta Ajingi, ki koma shagon nan ki ce a ba ki kayan awo, gishiri kuma ki saya a kasuwa. Canjin da ya rage ki ƙara a buhun abinci mai kyau. Ni dai sai da na yi zuba biyu kafin na mayar wa Inna awakinta, ba na so ki bi ta wannan hanyar.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi maganar ware kifi da dalilin da ya sa manya ke cinye ƙanana. Wanda ya san mai shirin fara kiwo, ya tura masa wannan. Allah Ya sa albarka a nema. Wassalamu alaikum.