Bashin Miji Bai Hau Kan Kayan Mata Ba

Yau zancen kotu za mu yi, amma kada wata ta ce ina ruwana da kotu ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa. Wani lokaci kotun ce take isko mutum har tsakar gidansa.

A ce maigida ya ci bashi, kasuwa ta juya masa baya, mai kuɗi ya kai ƙara, alƙali ya yanke hukunci a biya, biya ya gagara. Sai kotu ta turo ma'aikatanta su kwashi kayansa a yi gwanjonsu. To su ma'aikatan nan ba su san gidan ba. Abin da suka gani shi za su rubuta: firijin da kike sayar da ƙanƙara, keken ɗinkin da kika saya da kwasar adashi, gadon da iyayenki suka yi miki jere da shi, tumakin da kike kiwo saboda salla. Ke kuwa kina ɗaka kina kuka, kina cewa ƙaddara ce.

Yar uwa, share hawayenki. A Musulunci dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita ta miji ba. Sadakinki naki ne, gadonki naki ne, haka ribar sana'arki. Ba a biyan bashin miji da su, sai in ke ce kika tsaya masa lamuni ko kika bayar don ranki. Littattafan fiƙihunmu na Malikiyya suna da babi guda kan mutumin da ya ga kayansa a hannun wani ya ce nawa ne, ana ce masa istihƙaƙi. Kuma ko tsakanin miji da mata aka yi jayayya kan kayan gida babu shaida, abin da aka saba na mata ne ana bar wa matar idan ta rantse.

Dokar ƙasa ma ba ta manta da ke ba. Dokar zartar da hukuncin kotu ta 1945, wadda manyan kotuna da na majistare ke aiki da ita, sashe na 34 ya buɗe ƙofa ga wanda ba ya cikin shari'a amma aka kama kayansa. Zai sanar da jami'in kotu a rubuce cewa kayan nasa ne. In mai bin bashi ya yarda, a saki kayan. In ya musa, alƙali ya kira su biyun ya saurare su. Kotunan Shari'a suna da nasu tsarin, amma can ma ana sauraron mai irin wannan da'awa.

Abin da nake so ki riƙe shi ne lokaci. A wannan doka ba a sayar da kayan da aka kama sai bayan kwana 5, in ba masu saurin lalacewa ba ne. Kwana 5 kamar yau ne. Kada ki zauna jiran sai hankalin maigida ya kwanta. A ranar ki aika a kira miki mahaifinki ko yayanki, a je wurin rajistaran kotu da takarda. Ana iya neman ki ajiye kuɗi ko ki kawo jingina kafin a dakatar da gwanjon. In ba a samu ba, a sayar a ajiye kuɗin a kotu har a yanke hukunci. In babu halin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, da aka kafa tun 1976 saboda marasa ƙarfi.

Mai da'awa kuma shi ke kawo hujja. Saboda haka tun yau, lafiya lau, ki fara adana rasit. Kika aiki yaro sayen injin markaɗe, ki ce a rubuta sunanki, ba na maigida ba. Gwaggonninki da suka yi miki jere shaidu ne, uwar adashi ma shaida ce. Wannan ba rashin yarda da miji ba ne. Gobe in abu ya faru, keken nan da ya tsira shi zai ciyar da gidan.

Sai gargaɗi biyu. Kada a tare ƙofa ana zagin ma'aikatan kotu ko a sa yara su yi jifa, wannan laifi ne mai zaman kansa. Kuma don Allah kada tausayin miji ya sa ki rantse kan kayan da kin san nasa ne. Mai bin bashin nan shi ma yana da iyali, haƙƙinsa kuma ba ya faɗuwa. Ki karɓi naki, ki bar wa mutane nasu.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya yaye wa mazajenmu nauyin bashi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.