Auna Kafin Ka Kwance: Tsohuwar Mota da Hanyoyin Gadarif

Laccar da aka gabatar a gaban direbobi, makanikai, manoma da ɗalibai a garin Gadarif

 



Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce. Mafi yawan kuɗin da muke asara a kan tsohuwar mota, cinta ce take cinye su, wato a sayi kaya a ɗaura kafin a gano ainihin abin da ya lalace. Zan bi wannan magana ta ɓangarori biyu da suka fi wahalar da mu: kayan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyi, da kuma wutar mota.

Mu fara da ƙasar da motar take takawa. Tun tsakiyar shekarun 1940, lokacin da aka soma noma da injuna a Gadambaliya, arzikin Gadarif ya rataya a kan ƙarfe mai tafiya. Dawa da riɗin da ake nomawa a Simsim da Doka da Fashaga ba sa zuwa kasuwar amfanin gona da ƙafarsu, sai a bayan lori ko tarakta. Ƙasarmu kuwa baƙar laka ce: da rani ta tsage ta zama gargada da ƙura, daga Yuni zuwa Oktoba ta zama taɓo mai kama taya har gindin aksul. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga lodin da ya wuce abin da kamfani ya rubuta. Motocinmu kuma ba yara ba ne. Bedford da muke kira Sifinja an fara ƙera samfurinta a Ingila a 1958, kuma ustocin Sudan sun sake mata jiki da ƙashi har masana daga Jamus suka zo suka yi nazari da fim a kan aikinsu. Boksin Hilux da Land Cruiser da ƙananan Amjad da ke jigilar cikin gari, da yawansu sun girmi direbobinsu.

Samun kayan gyara ya daɗe da zama wahala. Takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017 ya matse hanyoyin shigo da su. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa manyan kasuwannin Khartoum da muke saro su, darajar fam ta zube, garin nan kuma ya cika da 'yan'uwanmu da suka gudo da motocinsu. Yau wanda ya sayi batir alhali ba batir ne ya mutu ba, ya ci kuɗin cefanen gidansa a banza. A lokacin yankan riɗi ma abin ya fi haka, domin riɗi ba ya jira: motar da ta kwana uku a gareji ana lalube, ma'aikata ba su isa gona ba, kwanson ya fashe ya zube a ƙasa.

To, bari mu shiga ƙarƙashin mota. Ƙarfin inji yana bi ta kuloci, ya shiga giya, ya bi farfela, ya isa aksul, sannan tayoyi. Kowanne a cikinsu yana da kukan da yake yi idan ya gaji, kuma abin da ke bambanta su shi ne lokacin da kukan yake tashi. Saboda haka kafin usta ya ɗauki sifana, ya fara yi wa direba tambayoyi. Yaushe take yi? Da lodi ko babu lodi? Kana taka totur ko ka ɗaga ƙafa? A miƙe ko a kwana? Ta shiga ruwa a kwanakin nan?

Idan inji yana ƙara ihu amma gudu bai ƙaru ba, musamman a babbar giya ko a hawa, farantin kuloci ne ya cinye. Idan giya tana ƙin shiga lokacin da inji ke aiki, amma da an kashe shi ta shiga sumul, kada a sauke giya, domin lafiyarta ƙalau. Kuloci ne ba ya saki, kuma sau da yawa mansa ne ya tsiyaye ko iska ta shiga bututunsa, gyaran da bai kai awa guda ba. Ƙarar da ke tashi idan an taka kuloci tana nuna boris ɗin da ke danna shi. Wadda ke ɓacewa idan an taka shi tana nuna boris na cikin giya. Bugun "ƙwas" lokacin tashi ko canja giya, tare da jijjigar da ke ƙaruwa da gudu, a duba kuros ɗin farfela. Idan za a cire farfela kuma a yi mata alama, domin idan aka mayar da ita a karkace jijjigar za ta fi ta da. Gunjin da ke sauya murya tsakanin taka totur da ɗaga ƙafa daga haƙoran aksul yake. Wanda ke sauyawa idan an karkata sitiyari dama ko hagu, boris ɗin taya ne. Ƙananan motoci masu ja da gaba, idan suna "ƙas-ƙas-ƙas" a kwana, gaɓar shaf ce, kuma kusan kullum robar da ke rufe ta ce ta yage tun da daɗewa, giris ya fita, ƙasa ta shiga.

Akwai wata ɓarna da damina ke yi mana wadda nake so kowane direba ya riƙe. A saman aksul da giya akwai 'yar ƙofar numfashi. Mota ta yi tafiya ƙarfen ya yi zafi, sai ta tsunduma cikin ruwan kwari. Ƙarfen ya huce nan take, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta wannan ƙofa ko ta bakin sil. Direba ya haye yana murna, bai san man aksul ya gauraye da ruwa ba. Bayan wata biyu boris ya yi tsatsa, haƙora sun cinye. Maganin ba shi da tsada: bayan kowace tsallakar ruwa mai zurfi a kwance noti a duba man. Idan ya yi fari-fari a zubar a sa sabo. Wanda ke yawan bin hanyoyin gona ya sa a ɗaura wa ƙofar numfashin tiyo a ɗaga bakinsa sama.

Abu biyu kuma. Mai Hilux ko Land Cruiser da ya sa giyar taimako a cikin taɓo, ya cire ta da zarar ya hau kwaltar Kasala ko ta Galabat, domin a busasshiyar hanya tayoyin gaba da na baya ba sa samun damar zamewa, sai ƙarfin ya murɗe a cikin ƙaramar giya da farfela. Sannan man giya ba iri ɗaya ba ne. Tsofaffin giyoyi da yawa GL-4 aka rubuta musu, aksul kuma GL-5, mota mai giyar otomatik kuma tana da nata man daban. A giyar otomatik, launin man da warinsa su ne shaida ta farko: ja mai haske lafiya, baƙi mai ƙaurin ƙuna alamar farantan ciki sun soma ƙonewa.

Yanzu mu koma wuta, inda cinta ta fi yin ɓarna saboda ido ba ya ganin lantarki. Kunnen usta, duk ƙwarewarsa, ba ya jin bolt. A nan dole sai mita, kuma kuɗinta bai kai na batir guda ba. Lambobin da ake buƙata kaɗan ne. Batir mai bolt 12 da ya huta, idan a cike yake, zai nuna wajen 12.6. Idan ya sauka kusa da 12.0, caji ya yi ƙasa sosai. Lokacin da ake murza makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan inji ya tashi, altaneta mai lafiya za ta ba da tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da haka ba ta caji, sama da 15 kuma dafa batir take yi. Manyan motoci masu bolt 24 sai a ninka waɗannan lambobi. A cikin minti biyar an raba gardama tsakanin batir da altaneta da kik.

Amma sau da yawa duk ukun lafiyarsu lau, hanyar da wutar ke bi ce ta toshe. Kamar kwalbatin da yashi ya cike ne: ruwa yana nan, hanyar wucewa ce babu. Lantarki yana fita daga batir ta waya, ya dawo ta jikin ƙarfen mota. Wayar as da ke haɗa batir da bodi da inji, a motar da ta shekara ashirin tana shan laka, ta yi tsatsa a inda aka ɗaure ta. Sai kik ya riƙa yin "ƙat" ba ya juyawa, fitilu su dushe, allurar zafi ta riƙa ƙarya. A ɗora mita tsakanin kan batir na as da jikin inji a murza makulli. Idan ta nuna fiye da rabin bolt, a kwance wayar a kankare ta har ƙarfe ya yi haske a ɗaure da kyau. Kik nawa aka saya sabo a garin nan alhali takardar yashi ce maganin?

Batir da ke kwana da caji ya tashi babu, wani abu ne ke shan sa cikin dare. A kashe komai, a sa mita a jere da kan batir. Abin da ya wuce miliamfiya 50 akwai ɓarawo. A riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi, to an gano layin. Yawanci rediyo ne ko fitilar ado ko cajar waya da aka jona kai tsaye. Mu kuma a garin hatsi muna da ƙarin abokin gaba: motar da ke kwana kusa da buhunan dawa, ɓeraye suna shiga su ci rigar waya.

Ina roƙon masu wayarin, don girman Allah, a daina naɗa silin waya a gurbin fis. An yi fis ne ya ƙone domin mota ta tsira. Idan ya ƙone sau biyu, waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe a wani wuri, sai a neme ta. Wanda ya toshe gurbin da waya ya mayar da wutar cikin dashbod, inda akwai roba da soso, a motar da ke ɗauke da mata da yara. Haka nan mai walda ya cire kan batir kafin ya ɗora wuta a jikin mota, kuma kada a cire kan batir inji yana aiki da sunan gwada altaneta. Wannan dabara ta zamanin da ce, a motar yau tana iya ƙona ƙwaƙwalwarta.

Motocin da ke shigo mana yanzu masu ƙwaƙwalwa ne. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci soket ɗin bincike na OBD-II, Turai ta bi a 2001 ga masu fetur da 2004 ga masu gas. Na'urar karanta shi tana da amfani, amma a fahimci abin da take faɗa. Idan ta ambaci wani sensa, layin take nunawa, ba ta ce sensan ya mutu ba. Wataƙila soket ɗinsa ne ya cika da ƙura, wataƙila waya ce ta tsinke. Wanda ya karanta lamba ya ruga kasuwa, cinta yake yi har yanzu, sai dai da na'ura a hannu.

Me ya rage mana? Ga masu mota: ku biya kuɗin bincike da daɗin rai. Muddin usta ba ya samun ko sisi sai ya ɗaura sabon kaya, mu ne muke tura shi ga cinta. Ku ajiye ɗan littafi a mota ku rubuta ranar da aka canja mai da batir da kuloci, kuma ku karɓi tsohon kayan da aka cire. Wajen sayen kaya ku tuna araha ba ta ado: na asali da aka ciro daga motar da aka yanka, idan an gwada shi, sau da yawa ya fi sabon jabu daɗewa. Ga ustoci: yaran da iyaye suka damƙa muku amana ne. Ku koya musu tambaya da sauraro kamar yadda aka koya muku, ku ƙara musu da mita da karatun taswirar waya. Ga malamai: Jami'ar Gadarif tana nan tun 1994, ga makarantun sana'a, ga unguwar masana'antu cike da hannayen da suka san ƙarfe. Kwas na 'yan makonni da yamma, bayan an gama girbi, zai haɗa mai lissafi da mai sifana, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa.

Kakannin da yawa daga cikinmu sun iso wannan ƙasa daga Sakkwato da Kano da Katsina a kan hanyar aikin hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna suka ci abinci da guminsu. Sana'ar hannu gadonmu ce, kuma gyaran mota yana cikin manyanta a yau. Sabbin motoci ba za su wadace mu nan kusa ba, waɗannan tsofaffin su za su ci gaba da kai mara lafiya asibiti da fito da amfanin gona. Wanda ya gyara su bisa sani ya tsare dukiyar mutane da rayukansu, kuma za a tambaye shi a kan wannan amana kamar yadda za a tambayi kowane mai riƙe da amana.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya kiyaye matafiyanmu, Ya dawo wa Sudan da zaman lafiya.