Magdalena Abakanowicz da Saƙar da Ta Sauko Daga Bango



A harshenmu ƙaramar gaɓa ce kurum ta raba kalmar saƙa da kalmar sassaƙa, amma a makarantun fasaha na Turai an daɗe ana ganin tazara mai nisa tsakaninsu. Mai sassaƙa dutse shi ne gwani, ita kuwa saƙa an ɗauke ta sana'ar ƙawata ɗaki, aikin mata. Maƙasudin jawabina shi ne in nuna yadda wata mace 'yar ƙasar Polan ta rushe wannan bambanci.

An haifi Magdalena Abakanowicz ran 20 ga Yuni, 1930, a Falenty, kusa da Warso, cikin gidan masu gonaki da asali. Tana da shekara tara Jamus ta mamaye ƙasarta. A 1943 wani sojan Jamus ya harbi mahaifiyarta a cikin gidansu, har hannu ya nakasa. Bayan yaƙi, da mulkin kwaminis ya kafu, asalin nan nata ya zama abin ɓoyewa. Ta yi karatu a Makarantar Fasaha ta Warso daga 1950 zuwa 1954, zamanin da hukuma ke tilasta wa masu zane su zana ma'aikata da manoma yadda jam'iyya ke so.

To, a nan ne dabarar ta ke. Idon hukuma yana kan zane da sassaƙa, saƙa kuwa an raina ta, saboda haka ba a cika sa mata ido ba. Wata tsohuwar masaƙiya, Maria Laszkiewicz, ta ba ta wurin aiki a masaƙarta, ta kuma sa aka kai aikinta bikin nunin saƙa na farko da aka yi a Lozan, ƙasar Suwizalan, a 1962. A 1965 ta ci lambar zinariya a nunin Sao Paulo ta Burazil, a shekarar kuma ta fara koyarwa a Poznan, inda ta koyar har 1990.

Ayyukan da suka ɗaukaka sunanta su ne waɗanda a ke kira Abakan, wato an yanko sunan daga nata. Tsofaffin igiyoyin jiragen ruwa ta kan samo, na zaren sisal mai kaushi kamar na rama, ta warware su, ta wanke, ta rina, sa'an nan ta saƙa. Daga wajen 1967 ta daina jingina su a bango. Sai ta rataye su daga rufin ɗaki, wasu tsawonsu ya kai mita huɗu ko fiye, ga tsaga, ga ninki, ga kogo, mutum ya kewaya su, wani ma ya leƙa cikinsu. Wanda ya tsaya gaban jan Abakan na 1969 zai rasa ko tufa ya ke kallo ko fatar wata dabba da aka feɗe. A ganina wannan ruɗani shi ne ƙarfin aikin, domin abin da a ka saba shimfiɗawa ko yafawa ya tashi tsaye yana fuskantar mai kallo.

Cikin shekarun 1970 ta koma ga buhun algarara. Ta kan shafe shi da danƙo, ta danna a kan siffar jikin mutum, in ya bushe ya zama ɓawo marar kome a ciki. Haka ta yi Bayayyaki, daga 1976 zuwa 1980: siffofi 80 zaune, sun ranƙwafa, ba kai, ba fuska, sai gadon baya. Daga nesa duk ɗaya su ke, amma in ka matsa za ka tarar kowanne da nasa tamoji. Wasu masu kallo sun ga fursunonin sansanin Nazi, wasu sun ga masu ibada, ita kuwa ba ta yarda a ɗaure aikin ga labari guda ba. Amma wanda ya san ta girma ƙarƙashin mulki biyu da suka mai da mutane garke ba zai yi mamakin rashin kawunan ba.

Daga baya ta shiga zubin tagulla da ƙarfe. A 2002 ta kafa siffofi 112 a Poznan, a 2006 kuma 106 a Shikago ta Amurka, kowace ta fi mutum tsawo, tana tafiya ba kai. Ni dai na fi ganin kaifi a na algararan, domin buhu yana tsufa yana yagewa kamar jikin ɗan Adam. Ta rasu a Warso ran 20 ga Afrilu, 2017, a 2021 kuma aka sa wa jami'ar fasaha ta Poznan sunanta.