Jawabin Tunawa da Malama, Mai Koya wa Yara Magana

Shugaba, iyayena da ’yan’uwana mata, an ce in yi magana a kan Malama, Allah Ya jiƙanta. A ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu, sai ku yi haƙuri da karatuna.

Da yawanmu a wajen adashi muka santa, tana fama da jikoki. Amma aikin da ta yi a asibiti har ta yi ritaya shi ne gyaran magana: yaro mai in’ina, yaron da bakinsa ya ƙi buɗewa, da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta riƙe wa harshe.

In aka kawo mata yaro, ba bakinsa take fara dubawa ba, kunne take fara gwadawa. Sai ta zagaya bayansa ta ƙwanƙwasa kwano, ta ga ko zai waiwayo. Ta koya mana cewa sanƙarau da ƙyanda da kunne mai zubar da mugunya suna kashe ji, kuma yaron da bai ji ba, ina zai samo maganar? Mu kuwa da sai mu ce iska ce, a yi ta hayaƙi har shekaru su wuce. Mai in’ina kuma, ta hana a ƙarasa masa magana, ta hana duka, ta hana dariya. Wallahi jiran nan da wuya, musamman gare mu ’yan kasuwa masu gaggawa.

Shekarun da ’yan bindiga suka tashi ƙauyukan bakin dajin Kamuku, an shigo gari da yaran da firgici ya ɗauke wa magana. Ba ta matsa musu. Tabarma take shimfiɗawa, ta ba su gyaɗa su yi ta ɓara tare, har wata rana a ji ɗaya ya nemi ruwa.

Abin da ya dame ta har ta koma ga Allah shi ne yaran da ta so a kai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, hanya ta hana. Tun sulhun ƙarshen 2024 motoci suna bi, saura kuɗin mota. Ina roƙon a ware wani abu daga asusunmu don wannan, kuma duk mai yaron da ya kai shekara biyu bai fara haɗa kalma ba ta ga sakatariya bayan taro.

Allah Ya gafarta mata, Ya raya abin da ta bari.