Baitulmalin Katsina da Akwatin Sarkin Sifaniya

 

Idan aka ambaci sarautar Katsina, Gidan Korau ne ke fara faɗo wa mutum a rai: Ƙofar Soro, filin Kangiwa ranar hawan salla, dogarai da algaita. Yau kuwa ɗakin da maroƙa ba su yi wa kirari nake so mu leƙa, wato baitulmali.

Kafin Turawa su shigo garin nan a 1903, kuɗin ƙasa da jangali da kuɗin karofi daga hannun mai gari suke tasowa, su bi ta wajen hakimi, su iso fada, kowa na cire rabonsa a hanya. Kada ɗalibai su yi saurin cewa sata ce. Tsarin zamanin ke nan, kuma daga abin da ya iso fada ake sauke baƙi, a yi wa malamai alheri, a ciyar da dawakin yaƙi. Sai dai babu wata iyaka a rubuce tsakanin aljihun sarki da dukiyar jama'a.

Muhammadu Dikko ya hau gado a 1906. A farkon zamaninsa ne shi da Baturen mulki H. R. Palmer suka kafa baitulmalin En'e, na farko a duk Arewa. Rabin haraji ya tafi wa gwamnati, rabi ya zauna a baitulmali. Aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, aka riƙa yin ƙiyasin shekara, abin da ya rage a yi ayyukan gari da shi. Sauran masarautu daga baya suka bi sahu. Ban ce Turawa sun yi haka don ƙaunarmu ba. Sun san sarai cewa sarkin da ke jiran albashi ya fi sauƙin juyawa. Duk da haka, tun daga lokacin ana iya buɗe littafi a tambayi ma'aji inda sule ya shiga.

Ba mu kaɗai muka sha wannan gwagwarmaya ba. Sarakunan Sifaniya, shekarar da suka karɓe fadar Alhamra daga hannun Musulmin Garnaɗa, 1492, ita ce shekarar da jiragen Kolombas suka isa nahiyar Amurka. A 1503 suka kafa gidan kula da fataucin can a birnin Ishbiliya, wanda samarinmu masu kallon ƙwallo suka sani da Sevilla. A 1545 aka gano dutsen azurfa na Fotosi, a ƙasar Bolibiya ta yau, inda aka tilasta wa 'yan asalin ƙasar aikin haƙa. Sarki na da kashi ɗaya cikin biyar na azurfar. Da yake wata da watanni ake yi kafin takarda ta ƙetare teku, sai aka sa dukiyar a akwati mai mabuɗi uku, kowane a hannun jami'i daban, ba ya buɗuwa sai dukansu sun hallara, kuma duk abin da ya shiga ko ya fita sai an rubuta.

Mabuɗan nan sun takura wa ma'aikata, amma ba su kama hannun mai gida ba. Sarki Filib na Biyu ya gina fadar Eskoriyal daga 1563 zuwa 1584, ya yi ta yaƙe-yaƙe a Turai da kuɗin rance, ya kasa biyan masu binsa bashi a 1557, da 1575, da 1596. Azurfar ta ƙare a hannun wasu. Takardun ne suka saura, domin a 1785 Sarki Karlos na Uku ya sa an tattara su wuri guda a Ishbiliya. Dami fiye da 40,000 ne, kuma da su masana ke lissafa arzikin daular har gobe.

To, ina namu? Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e gaba ɗaya. Wasu takardun lardin Katsina suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Wasu kuwa na tabbata suna cikin adakar gidajen tsofaffin ma'aikatan En'e, rasit ɗin haraji da na jangali da littattafan malaman haraji, kuma gara ba ta san tarihi ba. Wanda zai rubuta yawan shanun da ke ƙasar Katsina a zamanin Dikko, ko abin da manomi ke biya a shekarar fari, can zai samo.

Ina roƙon iyayenmu hakimai su yi wa masu irin waɗannan takardu magana, ɗaliban tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma su bi gida-gida su ɗauki hotonsu, a bar wa masu su kayansu. A fara da unguwannin da ke kewaye da Ƙofar Sauri.